Baturen da Ya Zo Suna da Zane

Duk sanda na shaƙi turaren wuta, zuciyata kan koma birnin Lyon, can ƙasar Turawa, ranar sunan ƙanwata. Baba ya gayyaci Baturen da ke shugabantarsu a wurin aiki, ya ce kowa ya sa kayan gargajiya. Sai ga mutum da zane ja da kore iya gwiwa.

Kakata Hajiya ta ce, "Tambaye shi, mazan Ingila zane suke ɗaurawa?"

Baba na ta hararata, amma na fassara. Fuskar baƙo ta yi jawur. Na ce a raina shi ke nan, aikin Baba ya tafi.

Baƙo ya ce, "Zanen ba komai. Amma ni ɗan ƙasar Sikotilan ne, ba ɗan Ingila ba!"

Da na fassara mata, Hajiya ta dafe ƙirji. "Wayyo! Kamar a ce mini Bakanuwa, ni 'yar Damagaram!" Ta tura masa cinyar rago.