Allurar da Baoshan Ya Hana

A bikin sabuwar shekara tsoho Defu, mai awara a bakin kasuwa, shi ya cinye kowa a teburin majan, wasan caca na dattawan garin. Kafin a gama dashen shinkafa ya manta yadda ake riƙe tsinken cin abinci. Yana tafiya yana tangaɗi. In an buga ƙofa, sai jikinsa ya zabura.

Baoshan, babban ɗansa, ya kai shi asibitin birni tare da Shuyun, ƙanwar Baoshan, da baffansu. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitar ta ja Baoshan gefe, don a al'adarsu ba a faɗa wa tsoho ciwonsa, babban ɗa ake faɗa wa.

"Mantuwar tsufa ba ta gudu haka," in ji ta. "Ko dai cutar firiyon ce, wadda ba ta da magani, ko kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ake warkarwa in an yi sauri. Hoton bai raba mana gardama ba. Za mu ɗebi ruwan laka kaɗan ta bayansa mu aika ɗakin gwaji. Sa hannunka muke jira."

Baffa ya ji. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ɓargon yayana za su zuƙe? Ƙarfin namiji a bayansa yake. Duk wanda aka tsotse, fanko yake komawa. Kai Baoshan, uban da ya goya ka za ka miƙa a huda kamar buhu?"

"Baffa, ruwa ne, ba ɓargo ba," in ji Shuyun. "Jiki na mayar da shi."

"Ji likitar gidanmu! Yaushe kika gama karatun?"

"Yaya, don Allah ka sa hannu."

Baoshan ya riga ya duba wayarsa. Zabura, tangaɗi, mantuwa mai sauri, duk ya gani an rubuta a ƙarƙashin firiyon. Ya yanke hukunci shi kaɗai. In mutuwa ce, me zai sa a huda tsohon? Kuma ya san bakin unguwa. Za a ce ɗan fari ne ya sa hannu.

"Gida za mu," ya ce.

"Yaya..."

"Na gama magana."

A gida aka dafa saiwoyi. Baoshan da kansa yake fifita wutar, yake ɗura wa uban baƙin ruwan da cokali. Maƙwabta na leƙowa suna jinjina kai. Ɗa na gari ke nan.

Aka girbe shinkafa, tsohon bai mutu ba. Wata safiya ya faɗi yana jijjiga, kumfa a baki. Aka koma da shi asibiti. Wannan karon Baoshan bai yi gardama ba. Ya sa hannu.

Allurar ba ta daɗe ba. Tsohon ko motsi bai yi ba.

Da sakamako ya dawo, likitar ba ta ɗaga murya ba.

"Babu alamar firiyon. Kumburi ne, garkuwar jikinsa ce ke yaƙar ƙwaƙwalwarsa. Za mu fara magani yau."

"Zai warke ke nan?" in ji Baoshan.

Ta dube shi.

"Jijjigar za ta tsaya. Abin da ya lalace ya lalace. Da a zuwanku na farko ne, ina sa ran da ya koma kan awararsa."

Shuyun ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta.

"Ka kare masa bayansa, Yaya. Ga shi nan lafiya lau."

Baffa bai sake zuwa gidan ba. Ya ce gwiwa ke damunsa.

Defu yana nan da rai. Yana zaune a ƙofar gida, dutsen niƙan waken suya na tara ƙura a bayansa. Kullum Baoshan na ba shi kunun shinkafa a baki. Wani lokaci tsohon kan ɗago ya ce, "Na gode, malam. Ɗan waye kai?"

Masu wucewa har yanzu suna cewa ɗa na gari.

Mai karatu, mantuwar da ta zo da gudu ba tsufa ba ce. Waya ba ta gane cuta, baffa ma haka. In likita ya nemi gwaji, a bari a yi tun da sauran abin ceto.