Farantin Sha-Yawo

Auta ta sauke tukunya, ta zuba taliyar tana tururi, ta ruga da ita ɗakin Baba tun kafin ta huce. Ya sunsuna, ya juyar da kai bango.

"Ba haka take a Italiya ba," ya ce.

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai sa komai a baki ba sai ruwa. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in mako ya ƙare bai ci ba, sai dai a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya rantse gara ya mutu, kuma kowa ya san taurin kansa.

Sha-Yawo ake kiransa a unguwa. Ya yi shekaru yana aiki da kamfanin jiragen sama, sai ƙarshen wata yake leƙo gida, aljihu cike da 'yan ƙananan cokula da ƙullin sukari, hannuwansa sun yi fari fat, duk sun tsattsage. Yara su kewaye shi, ya kwashe su da labari zuwa Indiya, inda shinkafa ke sa ƙato hawaye, ya zarce da su Japan, inda ake cin ɗanyen kifi ko a jikinsu. In ka tambaye shi yadda titunansu suke, sai ya ce ai ƙasa a faranti ake saninta.

Wannan maganar Auta ta riƙe, ko marmari zai buɗe masa baki. Ba abin da ba ta gwada ba. Ta bi masu koyar da girki a waya har ta ƙona yatsu, ta shiga gidajen abincin baƙi ta sayo na Sin da na Turkiyya, tana sauri a hanya kada su huce. Kullum amsar ɗaya ce. Ranar da ta tarar da shi yana lasar cokalin da ɗanta ya bari a kwano, ta fizge, ta rufe yaron da faɗa, ta koma kicin ta sha kuka. Ga uba yana ƙarewa a gabanta, ita kuma dabara ta ƙare mata.

Ana gobe za a mayar da shi asibiti, sai ga Dogo, tsohon abokin aikinsa, ya zo dubiya. Ya ga shinkafar da aka ƙi, Auta ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya jawo farantin, ya cinye rabi, ya cakuɗa saura, ya ajiye a bakin taga. Ran Auta ya ɓaci. Ka zo dubiya ka ɓige da cin abincin mara lafiya! Girmansa kawai ya sa ta haɗiye maganar.

Sai da shinkafar ta yi sanyi ƙalau, man da ke cikinta ya daskare, sannan Dogo ya tura wa Baba farantin. Baba ya sa hannu, ya kai loma, ya lumshe ido.

"Indiya," ya ce, ya ƙara wata.

Auta ta bi Dogo har ƙofar gida.

"Kawu, dama da sanyi suke cinta a can?"

Ya daɗe yana neman takalminsa kafin ya ɗago.

"'Yata, wa ya san yadda suke ci a can? Ni da babanki ko matakalar jirgi ba mu taɓa takawa ba. Farantan da fasinja suka ci suka rage muke wankewa."