Saƙon Bayan La'asar

Zakiyya ce ta sallami Gazali da bakinta, kuma abin bai daina cin ranta ba.

Tare suka haɗa wa ƙungiyar 'yan gero ta Ƙofar Rini manhaja. Tsarin ƙungiyar tsoho ne: wakilai su bazu ƙauyuka, inda duk aka samu gero da araha a faɗa wa kowa lokaci guda a zaman bayan La'asar, washegari a tura mota a raba. Zakiyya ta so manhajar ta bi sawun haka, ta tara rahotannin wuni ta sake su gaba ɗaya da yamma. Gazali ya ce wannan aikin zamanin da ne. A haɗa wayoyin wakilai da kwamfutar ofis kai tsaye, rahoto na fita yana shiga.

Mahaifinta, Alhaji Maigandi, shugaban ƙungiyar, mutumin da ko lamba sai an danna masa, shi ya raba gardamar.

"Ku yi muna na zamani, ɗiyata. Mi za mu yi da labarin da ya kwana?"

Aka yi na zamani. Ba a jima ba wata baƙuwar mota ta fara riga tasu motar isa ƙauyuka. Duk ƙauyen da wakili ya yaba da safe, kafin azahar an kwashe geron. Direban ba ya faɗin mai ita.

Ido ya koma kan Gazali, tunda shi ya nace, shi kuma ke zama gaban kwamfutar. Ya rantse har muryarsa ta dishe. Alhaji ya ce shi ba ya son zargi, amma a duba mutuncin ƙungiya. Zakiyya ta karɓi makullin ofis daga hannun Gazali, abokin karatunta, ta kasa kallon fuskarsa.

Motar ba ta fasa zuwa ba.

Yanzu ita ake yi wa kallon gefen ido. Dattawan suka ce a zaman Laraba za a rufe manhajar, a sallame ta ita ma. Ta shiga cikin aikin tana tonawa, sai ta ga ashe na'ura biyu ke karɓar rahoto: kwamfutar ofis, da wata waya marar suna da aka haɗa tun makon farko. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta toshe haɗin nan na kai tsaye, ta mayar da tsarinta na farko, ta sa saƙon ya riƙa shiga da ƙara.

Ranar Laraba ta roƙi kowa ya kashe wayarsa ya ajiye bisa tabarma. Alhaji ne ya fara ajiye 'yar tsohuwar tasa, ya matso kusa da ita.

"Kak ki ji tsoro," ya ce a hankali. "Ina nan. Ko wane na, Allah shi tona mai asiri."

Hawaye suka cika mata ido, don a ɗakin nan shi kaɗai ya tsaya mata. Ta danna, rahotannin wuni suka fita lokaci guda. Kwamfutar ofis ta yi ƙara.

Ƙara ta biyu kuwa daga aljihun babbar rigar mahaifinta ta fito.