Dutse Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Karo na uku ke nan na'urar ta ba da amsa, kuma ba ta canza magana ba. Shugabar sashen ta karɓi takardar daga hannun mai kula da ɗakin gwaji, ta ninke ta biyu, ta jefa a jaka.

"Ba za ki duba ba, Dakta?"

"Na san abin da ke ciki."

Aikin sashensu shi ne tambayar duwatsu shekarunsu. A niƙa dutse ya zama gari, a tankaɗe, a tsince wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar yashi ba, na'ura ta auna dalmar da ta taru a cikinsu, ta faɗi tsufansu. Shekara talatin da suka wuce malaminta ya yi wa dutse mai lamba goma sha bakwai wannan tambaya, wanda aka rubuta cewa daga ƙololuwar babban tudun ƙasar aka faso shi. Dutsen ya ce shekara miliyan dubu biyu da ɗari takwas.

A kan wannan amsa tsohon ya gina komai. Ya ce tudun zaune yake bisa gutsuren wata tsohuwar nahiya da ta yi karo da 'yar'uwarta, ƙasa ta tattare ta ɗaga sama. Maganar ta shiga littattafai. Ɗalibai goma sha ɗaya suka yi digiri a inuwar dutsen nan, ita ce ta fari.

Bara wasu masu bincike suka hau ƙololuwar, suka faso guda arba'in a daidai wurin da aka rubuta. Ko ɗaya bai haura miliyan ɗari shida ba. Aka zaro ragowar dutsen tsohon daga akwati aka sake aunawa. Tsufansa gaskiya ne, amma ko launinsa bai yi kama da na ƙololuwar ba. Wato ba ɗan wurin ba ne. Jami'a ta kafa kwamiti, ta ba ta shugabanci, don ba wanda ya san aikin kamarta. Littafin tafiyar da aka faso dutsen kuwa, kowane shafi sa hannun malamin ne.

Da la'asar ta nufi gidansa. Matarsa ce ta buɗe ƙofa.

"Shigo, 'yar gida. Tun safe yake tambaya ko Remarsa ta iso."

Shi ya raɗa mata wannan suna tun tana ɗaliba, wai ko rema ba ta fi ta iya hawan dutse ba. Yana zaune a kujerar bakin taga, hannun hagu kwance a cinya tun ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki. Tsofaffin littattafansa baje a kan tebur, wasu a ƙasa.

"Rema, kin rame. Kujerar shugabanci ce ke cin ki, ko maigidan ne ya daina cefane?"

"Kujerar ce, Malam."

"To faɗa mini, ban da kwana-kwana. Ni na koya miki karanta sakamako."

Ta faɗa masa, idonta a kan tabarmar ƙasa.

"Wata shida ina bin abin nan a kaina," in ji shi. "Injin niƙa da hannuna na wanke shi. Rariya sabuwa ce. Buhunan na ƙidaya sau biyu. Ko lamba na sauya ban sani ba? A lokacin tsufa bai zo ba, balle in ɗora masa." Ya juyo da kyar. "Za su cire sunana daga ƙofar ɗakin gwajin?"

"Ranar Litinin."

"Su ce maƙaryaci?"

"Rahoton cewa ya yi ba a iya tabbatar da asalin dutsen ba."

Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "Maƙaryaci ke nan, an dai fesa masa turare."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya miƙo hannun dama ya dafa tebur.

"Ki yafe mini, 'yata. Na ɗora ki a kan ginin toka, ke da sauran yaran. Ki sa hannu, kada ki ji nauyina. Gara sunan mutum ɗaya ya ɓaci da a rufe sashen."

Ta buɗe baki. Daidai nan matarsa ta shigo da ruwa, Rema ta karɓa ta shanye har ƙasan kofi, ta yi musu sallama.

Ranar Litinin ta sa hannu a shafi na ƙarshe, sauran 'yan kwamitin suka bi bayanta. Kafin azahar kafinta ya zo ya kwance allon sunan. Ya jingine shi a bayan ƙofa, rubutun yana kallon bango. Bayan mako uku ciwon ya sake bugun tsohon, bai ƙara magana ba.

Kwamitin ya tambayi komai sai abu guda, wanda shi ma tsohon ko a mafarki bai tambayi kansa ba. Ranar da aka faso dutsen zazzaɓi ya kwantar da shi a tanti, ya miƙa wa ɗalibarsa Rema guduma. Ita kuwa numfashinta ya ƙare a rabin hanya, ta ji kunyar komawa hannu rabbana, sai ta fasa gefen wani dutse da ruwa ya gangaro da shi cikin kwari daga inda Allah kaɗai ya sani, ta rubuta "ƙololuwa" a jikin buhun.