Hannun da Litiana Ta Ɗaga

Litiana ta ga ramin tun watanni biyar kafin taron shekara. Da safe, idan teku ta janye, takan sauka kamun ƙaguwa a bayan makaranta, a nan ta ga ruwa ya rarake ƙarƙashin ginin 'yan aji ɗaya. Ta zura hannu har kafaɗa ba ta taɓo ƙarshensa ba. 'Yarta Makelesi, mai shekara shida, a ajin take zama, jikin taga.

Makarantar tasu ce. Kakanninsu suka gina ta, suna ɗauko duwatsu a kafaɗa daga bakin ruwa, kuma har yau idan ka dafa bangon sai tsigar jikinka ta tashi. Gida arba'in suka mallake ta, kowane gida da ƙuri'a ɗaya, ta sarki ba ta fi ta gwauruwa nauyi ba.

Sai dai shugaban kwamitin makarantar, Sakiusa, yayan Litiana ne ciki ɗaya, kuma a wannan tsibiri na Fiji mace ba ta yi wa ɗan'uwanta namiji magana ido da ido da zarar sun girma. Don haka ta tari taubashinta Peniasi a hanya.

"Peni, don Allah ka faɗa a taro. Teku na cin ajin yara ta ƙasa."

Ya kwashe da dariya. "Ƙaguwa ce ta ba ki labari? Ke da akurkin kajinki ma ya gagare ki."

"Bar wasa, mai ƙaton ciki. Hannuna na zura."

"To, na ji, zan faɗa."

Ranar taro maza suka kewaye akushin yangona, jiƙon saiwar da ba a zama sai da shi, mata suka zauna baya. Sakiusa ya ce aikin gayyar bana a yi wa makaranta fenti a gina mata ƙofa, tunda za ta cika shekara sittin. Ya tambaya ko akwai mai magana. Litiana ta kalli Peniasi, ta ga yana kan ƙoƙo na huɗu, idonsa a lumshe. Bakinta ya yi nauyi. Da aka ce a ɗaga hannu, hannuwa suka tashi kamar an shuka su, ita ma ta ɗaga nata. Aka tafa sau uku, magana ta ƙare.

Bayan an gama fentin, wata rana ruwa ya zo da tsakar rana, ba iska, ba hadari. Teku ta taho a natse, shuɗiya, kyakkyawa, ta wuce inda take tsayawa tun zamanin kakanni. Malamar ajin ta ji daɓe yana motsi, ta kora yara waje. Gari duka ya tsaya yana kallo, ginin ya durƙusa a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, sabon fentinsa yana sheƙi. Tsoro da mamaki suka hana kowa kuka.

Ba a rasa rai ba. Amma jami'in ilimi ya zo ya rufe makarantar, aka ce yara su tafi makarantar kwana a babban tsibiri, tafiyar yini guda a jirgin ruwa. Makelesi ta leƙo daga cikin jirgin, rungume da tabarmarta.

"Inna, gobe za ki zo ki ɗauke ni?"

Sai Kirsimeti yarinyar za ta dawo. Litiana ta ɗaga mata hannu.

Jirgin bai ɓace ba tukuna Kaka Salote, wadda ta ɗauki dutse lokacin ginin tana yarinya, ta juyo wajen matan. "Ku faɗa mini gaskiya, wa ya ga ramin nan?"

Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Kowacce tana da wa, ko suruki, ko kawu a cikin kwamitin.

Tsohuwar ta aika aka ɗauko wani kwando mai murfi daga ɗakinta. "Da wannan iyayenmu suke zaɓe. Farin wuri na yarda, baƙin dutse ban yarda ba, ba mai ganin hannun wani. Sun san akwai bakin da kunya ta ɗaure. Ku kuka ce ɓata lokaci ne."

Sakiusa yana tsaye gefe. Ya juya wa ƙanwarsa baya yadda al'ada ta ce, ya fuskanci teku. "Ku gaya wa uwar Makelesi, da baƙin dutse ɗaya na gani, wallahi da na tsaya na tambaya."

Mai karatu, idan abu naku ne ku duka, shirunka ma ƙuri'a ce, kuma 'ya'yanka ne za su ɗanɗana sakamakonta. Ku kuma shugabanni, kada ku ƙirga hannuwa sai kun buɗe wa mai jin nauyinku hanyar cewa a'a.