Alƙalamin Kara a Ɗakin Jarrabawa

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, ajinmu a Birnin Kebbi ya cika da 'ya'yan ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato, Turanci a bakinsu kamar ruwa. Da jarrabawar shiga sakandare ta matso, na je Argungu na ce wa kakana ni ba zan yi ta ba.

Yana zaure bayan la'asar, yana fiƙe kara da 'yar wuƙa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Amarya, mi kike tsoro?" Haka yake kirana don tsokana. "Ran da muka tahi jarrabawar akawun Bature, mutum guda ake so, ɗaki kuwa cike. Aka ba kowa alƙalami mai bakin ƙarhe. Ni da na saba da allo, ina dannawa sai takarda ta yage. Na kusa da ni ya yi dariya."

"Sai ka fito?"

"In hito in tahi ina? Na zaro na karana daga hula, na tsoma a tawadar Bature. Ya zo ya tsaya bisa kaina, ya daɗe yana kallo, ya wuce. Ni aka ɗauka."

Ya miƙo mini karan da ya fiƙe. Da biro na rubuta jarrabawar, karan yana soke a kitsona ƙarƙashin kallabi, na kuwa ci. Har yau in na shiga ɗakin da ake ganin ban isa ba, sai na ji hannuna ya kai ƙeya.