Dagaci a Gonar Gayya

Dagaci ya ajiye rawani ya karɓi garma, kowa a gonar gayya ya zuba masa ido. Tun zuwan Nasara yake zaune a zaure yana aike, har mutane suka daina amsa kiransa, a fadar hakimi a Rano kuma aka fara zancen sauke shi.

"Ranka ya daɗe, ta nan ake riƙe ta," in ji makaɗi. Aka kwashe da dariya.

Dagaci ma ya dara, ya duƙa. Kafin hantsi tafukansa sun ɗuri ruwa, an bar shi baya yana haki, amma bai saki garmar ba.

Da ya ɗaga kai, samari sun gama kunyoyinsu, sun kama tasa daga ɗaya ƙarshen. Ƙauyen duka ya nufo shi, garma na tashi.